Ƙwayar Makullin Baba Direba

Motar Baba Direba ta ɓace ne da rana tsaka, yana barcinsa na bayan cin abinci. Kafin a gama jajanta masa, mutanen layin sun riga sun yanke wa ɓarawo hukunci.

Da Mai Sawu ya sauka daga babur, abin da ƙafarsa ta fara takawa makullai ne. Birjik a kan titi, sababbi fil da ba a yanka ba, wasu sun gangara cikin kwata. Shagon ƙaninsa Auta, mai yankan makulli a bakin layin, an ɓalle masa ƙofa. Injin yankan na kwance a ƙasa da waya a tsinke. A gefen kantar shagon akwai jini, ƙudaje har sun samu wurin zama.

"Ina yake?"

Kowa ya san Mai Sawu. Ya yi aikin ɗan sanda har ya gaji ya ajiye kaki, yanzu sana'arsa neman motocin da aka sace, da ƙafarsa da idonsa da wata 'yar kwamfutar gwaji da yake ratayawa a jaka. Rabin masu motar layin sun taɓa zuwa ƙofarsa da jan ido. Amma yau kowa ƙasa yake kallo.

"Yana caji ofis," in ji mai wanki daga ƙarshe. "Da ba mu miƙa shi ba ma, da wani zancen ake yi."

"Shi kuka miƙa, ko abin da kuka rage?"

"Haba Oga, ka tsaya ka ji. Makullan motar biyu ne, kuma duka suna gida. Ɗaya a aljihun Baba, ɗaya a durowar Inna. To da me aka tashe ta, da tafi? Kuma kowa ya ga Baba ya kawo wa Auta makulli kwanan baya."

"Na uku ya yanka!" wata mata ta ɗaga murya daga baya. "Mutumin da ya san bakin kowace ƙofa a layin nan, dama ni ban taɓa sakin jiki da shi ba."

Mai Sawu ya gane ta. Ranar da ta kulle jaririnta a ɗaki tana ihu a titi, Auta ne ya bar abincinsa ya je ya buɗe mata. Bai tuna mata ba. Ya buga babur ya wuce.

* * *

Sufeto tsohon abokin aikinsa ne, amma bai ko ba shi kujera ba.

"Gobe da safe kotu. Babban ɗan mai motar, wanda suke ce wa Manaja, da kansa ya zo ya shigar da ƙara. Kawo mini mota, ko ka kawo mini wani ɓarawon. In ba haka ba, ƙaninka ya tafi gidan yari da wannan hannun nasa."

Auta na zaune a ƙasan sel, ya rungume hannun dama a ƙirji. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi.

"Yaya, wallahi ban yanka ba."

"Ban tambaye ka ba. Me ya kawo makullin shagonka?"

"Motar ce ta ƙi tashi, ta daɗe a haka. Sitata na juyawa, injin ba ya kamawa. Baba ya ce in duba ko haƙoran makullin ne suka cinye. Haƙora lafiya lau. Sai na ɗora shi a na'urar karanta ƙwaya, na'ura ta yi tsit."

Mai Sawu ya gyara tsuguno. Irin waɗannan motocin, a cikin kan makullinsu akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ta shinkafa ba. Idan aka zura makulli, ƙwayar ce take gaisawa da wani zobe da ke kewaye da bakin swic, ramin da makullin ke shiga. In sun gaisa, ƙwaƙwalwar mota ta saki mai. In ba su gaisa ba, ko da haƙoran makullin sun dace, sai dai a yi ta murzawa har batir ya mutu. Abin da masu gyara ke kira sikiriti ke nan.

"Ka gaya masa?"

"Na ce Baba, ko dai ƙwayar ta mutu, ko babu ita. Ya ce shi yana tuƙi tun kafin a haifi ubana, bai taɓa jin makulli na da ƙwaya ba sai ka ce ido. Ya fizge abinsa ya tafi." Auta ya yi ƙoƙarin dariya, ciwo ya hana. "Yaya, da ƙarfen taya suka yi. Na ce su bar mini na dama."

Mai Sawu ya miƙe da sauri don kada yaron ya ga fuskarsa. Abu ɗaya ya fita da shi daga ofishin: motar da ta ƙi tashi ga mai ita, ta tashi ga ɓarawo.

* * *

A tsakar gidan Baba Direba, inda motar ke tsayawa, saura tabon baƙin mai a siminti. Kwaɗon get lafiyarsa ƙalau. A ƙasar da ke waje babu sawun janwe mai jan mota, babu alamar an tura. Da ƙafarta ta fita. Tayar baya ta hagu daban take da sauran, zanenta kamar kan kibiya, Mai Sawu ya haddace shi.

A falo ya tarar da su huɗu. Baba Direba a babbar kujera, tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan manyan motoci, wannan ƙaramar ita ce ta rage masa. Matarsa Inna a gefe. Manaja na kai-komo da waya a kunne. Ƙanwarsa kuma, ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, ta durƙusa tana auna jinin mahaifinta.

"Sannu da haƙuri, Baba."

"Wa ke nan? Au, yayan ɓarawon ne? Zauna, kai ba ka yi mini komai ba."

Tsohon ya miƙa hannu zai ɗauki kofin ruwa, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Inna ta tura masa kofin cikin tafinsa ba tare da ta ɗago ba, kamar abin da ta saba.

"Wa ke gida lokacin?"

"Ni kaɗai, ina barci," in ji Baba. "Wannan ta tafi dubiya. Sista ta leƙo da safe ta ba ni magani ta wuce aikinta. Shi kuwa Manaja ai sai a waya ake ganinsa."

"Shi ne dai kullum a sayar, a sayar," Inna ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Manaja ya juyo a fusace. "Na ce a sayar, Inna, ban ce a sace ba! Ina ofis tun safe, je ka tambaya, mutum nawa za su shaide ni. Kai kuma, maimakon ka matsa wa ƙaninka ya faɗi inda ya kai ta, ka zo kana mana tambayar 'yan sanda a gida."

"A nuna mini makullan."

Aka ajiye su a tebur. Mai Sawu ya juya su a haske. A bakin inda murfin kan makullin ke haɗuwa, akwai wani siririn ƙyalli, busasshen gam. A dukansu biyun.

"Inna, ara mini na durowar."

"A ba yayan ɓarawo makulli?" Manaja ya yi dariyar raini.

"Yaya, ba shi mana," Sista ta ce tana naɗe abin awon. "Motar ba ta nan, me zai buɗe da shi?" Ta dubi Mai Sawu, muryarta a sanyaye. "An ce sun ji masa ciwo a hannu. In na fita zan biya in duba shi."

Ita kaɗai ce a duk layin ta tambayi hannun. Ya yi mata godiya har zuciyarsa.

"In mai laifi kake nema," Baba ya ce, "ka fara da Mai Waya, mai gyaran wutar mota. Ya cinye ni tas, motar ko tari ba ta yi ba."

* * *

Ƙafafun Mai Waya kawai ake gani a ƙarƙashin wata tsohuwar bas. Mai Sawu ya taka masa takalmi har sai da ya fito.

"Oga, in maganar motar Baba ce, tun safe ina ƙarƙashin wannan gawar, ga mai ita nan a kaina kamar mai gadin fursuna. Tambaye shi."

Mai bas ɗin ya gyaɗa kai cikin takaici. "Ko fitsari ban bar shi ya je ba."

"Me ka yi wa motar Baba?"

"Me ban yi mata ba? Na canja batir. Na canja famfon mai. Na ga fitilar sikiriti tana ƙifta ido da sauri, na ce zoben swic ne, na canja shi. Shiru."

"Duk wannan, ba ka duba makullin ba?"

"Baba ya ba ka makullinsa ka buɗe? Ai gara ka ce ya ba ka haƙorinsa." Ya goge hannu da tsumma. "Da na gaji na ce masa, Baba, bari kawai in cire sikiritin gaba ɗaya, ko da cokali ka murza ta tashi. Ya ce shi ke nan. Gobe ne ma zan je in yi."

Mai Sawu ya tsaya cak. "Gobe?"

"Gobe da safe."

"Wa ya ji wannan maganar?"

"A falo na faɗa. Baba, Inna, Manaja, Sista, duk suna zaune."

Wato wani ba ya son gobe ta samu motar a gida.

* * *

Ya koma bakin get ya bi sawun kibiya har inda ya hau kwalta ya ɓace. Daga nan sai aikin baki. Mai sayar da katin waya bai ga komai ba. Mai gyaran takalmi ya ce ya ga mota ja, alhali ta Baba fara ce. Sai a mararraba ya samu mai faci, wanda shi ne ya sa wa Baba waccan tayar.

"Ta wuce nan, gilas a rufe, rana na haska shi ban ga fuska ba. Amma Oga, in wannan ɓarawo ne, to ɓarayi sun shiryu. Sai da ya sa sigina. Ya tsaya wa mai keke ya tsallaka. Tafiya yake kamar ya ɗauko ƙwai."

"Ina ta nufa?"

"Hanyar sababbin gine-gine."

Hanyar ƙasa ce, kuma ƙasa ba ta ɓoye komai. Kan kibiyar ya sake bayyana, ya bi gefen rami a hankali, ya kauce wa tulin yashi, ya shige wani kango mai get ɗin langa-langa da aka ɗaure da waya.

Tana ciki, a inuwar bango. An lulluɓe ta da tamfol, an danne kusurwoyin da bulo. An cire kan batir don kada ya zuƙe. Mai Sawu ya taɓa ganin motocin sata da yawa, kafin yamma an cire musu lamba da rediyo. Wannan kuwa an kwantar da ita kamar maras lafiya.

Ya mayar da kan batir, ya buɗe ƙofa da makullin Inna, ya murza. Sitata ya yi ta kuka, 'yar jar fitila na ƙiftawa da sauri, injin ya ƙi. Ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari. Makullan da motar ta sani: biyu. Ba a ƙara na uku ba, ba a goge ko ɗaya ba. Ƙorafin da ta ajiye kuma guda ne, an maimaita shi ba adadi: an murza makulli, ƙwaya ba ta amsa ba.

Ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare kan makullin Inna. Ramin ƙwayar fanko.

Wani ya cire ƙwayoyin, ya manne makullan da gam. Da ya tashi ɗaukar motar bai iya sake buɗe su ba, dole ya liƙa ƙwayar a jikin swic ɗin kanta don su gaisa da zoben. Mai Sawu ya kwanta a kujera ya leƙa ƙasan swic.

Yana nan. Mai gyaran mota da baƙin tef zai liƙa, ya ciza da haƙori ya tsinka. Wannan kuwa farar filasta ce ta asibiti, an yanke ta da almakashi ɗas, an lanƙwasa kusurwa ɗaya don ta yi sauƙin cirewa. A tsakiyarta ga ɗan lotson ƙwayar. Biyu aka liƙa, aka cire ta sama da ƙwayar, aka manta ta ƙasa.

Ya daɗe a kwance yana kallonta.

* * *

Kafin rana ta faɗi ya koma sel. Hannun Auta a naɗe da bandeji fari tas.

"Sista ce ta zo, Yaya. Har da abinci. Ta ce in yi haƙuri, tunda babu shaida za su sake ni. Wallahi matar nan 'yar albarka ce."

Mai Sawu ya kama hannun a hankali ya juya shi. Filasta uku, kowacce da lanƙwasasshiyar kusurwa.

"Ta taɓa zuwa shagonka?"

"Bara. Makullin motarta ya faɗi ya fashe, motar ta ƙi tashi, ta zo hankali a tashe. Na tsinto mata ƙwayar a ƙasan kujera, na nuna mata yadda abin yake aiki. Ta yi ta mamaki, wai ɗan wannan abin ne zai tsayar da mota sukutum." Auta ya dube shi. "Lafiya, Yaya?"

"Ci abincinka."

* * *

Da safe janwe ya sauke motar a tsakar gidan Baba. Sufeto ya zo da ɗan sanda ɗaya. Aka tara Baba, Inna, Manaja, Mai Waya da Sista, wadda ke sanye da kayan aiki, jaka a kafaɗa. Mutanen layi sun cika bakin get, wasu a kan katanga.

Baba ya shafa bonet da tafinsa biyu yana kiran sunan Allah.

"An ce ƙanina ya yanka makulli na uku," Mai Sawu ya fara. "Motar da kanta ta ce biyu ta sani. Yallaɓai ya gani a kwamfuta." Ya ajiye makullin Inna a buɗe a kan bonet. "Baba, kawo naka."

Tsohon ya yi gardama, Sufeto ya sa baki. Wuƙa ta shiga, murfi ya ɓalle. Shi ma fanko.

"Mai Waya, ka canja rabin mota, alhali ciwon na aljihun Baba."

"To ni wa ya bar ni na taɓa aljihun?"

"Wanda ya cire ƙwayoyin nan yana shiga ɗakin Baba yana barci. Yana buɗe durowar Inna. Yana da makullin get. Ba ya son motar ta tashi, kuma ya ji da kunnensa za a cire sikiriti yau."

Duk idanu suka koma kan Manaja. Ya buɗe baki, gumi ya keto masa.

"Ba shi ba ne. Shi da ya samu motar, da yanzu tana hannun dillali." Mai Sawu ya zaro filastar, ya manna ta a gilashin gaba inda kowa zai gani. "Sista, wa ya koya miki lanƙwasa kusurwa?"

Har na kan katanga suka daina motsi.

Ba ta yi musu ba. Ta sauke jakar, ta zaro wani ɗan kwalban allura, ta girgiza shi. Ƙwayoyi biyu suka yi ƙara a ciki.

"Ke?" Inna ta dafe ƙirji, amma muryarta ba ta mamaki ba ce.

"Baba ba ya gani," Sista ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Duk gidan nan mun sani. Inna ta sani, Yaya ya sani, kowa tsoron faɗa masa yake. Na kai shi likita, ya zagi likitan. Na roƙe shi, ya ce na raina shi. Rannan ya dawo ya ce ya taka kwali a gaban makaranta. Ina bakin aiki aka kawo kwalin. Yarinya ce, da jakar littattafai a bayanta. Ni na riƙe ƙafarta ana ɗorawa. Iyayen ba su ga lamba ba, farar mota kawai suka ce. Da na dawo gida na duba bambar gaban motar Baba."

"Ƙarya ne!" Baba ya buga bonet. "Kwali na taka! Ni da na tuƙa tirela a hanyar da ke ko a hoto ba ki taɓa gani ba!"

"Na cire ƙwayoyin na ce zai gaji ya haƙura. Sai ga Mai Waya zai cire sikiriti. Ban san me zan yi ba, sai na ɗauke ta."

"Kina ina lokacin da suka shiga shagon Auta?" Mai Sawu ya tambaya.

"Na dawo mayar da makullin Inna. Na ji ihun."

"Kin ji."

"Da na fita na faɗa, da a ranar an mayar masa da motar." Yanzu hawaye ya zubo. "Na ɗauka mari za su yi su bar shi. Na ce babu shaida, za a sake shi."

"Ke kika naɗe hannun. Kin ga ƙasusuwan. Zai sake riƙe makulli a inji?"

Ta rufe baki da bayan hannu. Bai sake tambaya ba.

Sufeto ya yi gyaran murya. "Magana ba ta isa in saki mutum ba. Ina so in ji motar ta tashi da wannan abin, a gaban kowa."

Mai Sawu ya karɓi kwalban. Ya dubi ƙwayoyin, ya dubi tsohon da ke laluben madubin gefe bai same shi ba. Ya san abin da zai biyo baya, Sista ma ta sani, tana girgiza masa kai a hankali. Amma motar kotu na jiran Auta.

Ya dasa ƙwaya ɗaya a ramin makullin Baba, ya danne da babban yatsa, ya murza. Jar fitilar ta mutu. Injin ya tashi lafiya lau.

Fuskar Baba Direba ta washe kamar ta yaro.

"To Yallaɓai," Manaja ya matso yana rage murya, "tunda abin ya zama haka, ai maganar gida ce. Mun janye ƙara. 'Ya ta ajiye motar ubanta, ina sata a nan?"

"Yarinyar da aka buge fa?" in ji Mai Sawu.

Sufeto ya ɗaga kafaɗa. "Babu wanda ya kawo mini ƙara."

"Waɗanda suka karya hannun fa?"

Sufeto ya waiwaya get. Katangar da ɗazu take cike da kawuna, babu ko ɗaya.

"Kayan mai kaya a ba shi," ya ce. Baba ya riga ya buɗe tafi.

* * *

Likita ya ɗaga hoton hannun a haske ya ce yatsu biyu ba za su sake lanƙwasawa ba. Auta ya ce "To." Ko da Mai Sawu ya gaya masa wadda ta ɗauki motar, abin da ya ce kawai shi ne, "Abincin nata ma na cinye tas."

Suka taho a ƙasa, don hannun ba zai jure girgizar babur ba. A bakin layi an share makullan an tara su a kwali, an ajiye a ƙofar shago. Mai wanki ya ɗago daga guga ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Auta. Ka san zuciya." Wasu suka amsa da amin. 

An tashi daga makaranta, yara na tsallaka titi gungu-gungu. Daga cikin layi sai ga ƙarar injin da Mai Sawu ya sani. Farar motar ta fito daga get, ta goge kusurwar katanga, ta miƙe. Baba Direba ya manna ƙirji a sitiyari, hancinsa kusan a jikin gilas, yana murmushi. A baya Sista ta fito da gudu ba takalmi, tana kiran "Baba! Baba!", Inna ta riƙe ta a bakin get.

Mai Sawu ya fizgo ƙaninsa daga gefen kwalta. Madubin motar ya shafi rigarsa ya wuce.

"Yaya," Auta ya ce yana bin ta da kallo, "wa ya gyara masa?"

Mai Sawu ya saki hannun Auta ya ruga tsakiyar titi yana daka wa yaran tsawa su koma baya.